In Kiɗa Ya Canza: Sauro, Gero da Manufofin Kare Muhalli

Jawabin da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na reshen ƙungiyarmu



Kwamitin ilimi na wannan reshe ya ɗora mana nauyin yin magana a kan muhalli da ci gaba mai ɗorewa. Batu ne mai faɗi, don haka muka zaɓi mu riƙe shi ta gefe guda. Abin da muke son kafawa shi ne cewa duk wata manufar gwamnati da ta shafi abu mai rai, ko sauro ne, ko tsutsa, ko gero, ko itace, tana hulɗa ne da abin da ke sauyawa. Manufar da aka tsara kamar dai halittu za su tsaya cik yadda aka same su, to tana da ranar ƙarewar aikinta, ko da kuwa an kashe mata maƙudan kuɗi. Hausawa na cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A wannan fage kuwa, sau da yawa mu ne da kanmu muke canza kiɗan ba tare da mun lura ba.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Kowannenmu ya san yadda rajistar aji take zama da damina ta yi nisa, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara a gida mako guda ko fiye. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan cuta a duniya a Najeriya suke. Haka kuma da yawa daga cikinmu da noma muke cike giɓin albashi, kuma mun san abin da kwalbar maganin feshi take ci a aljihu.

Ilimin da za mu jingina da shi shi ne wanda masana ke kira ilimin sauyawar halittu daga tsatso zuwa tsatso. Baturen Ingila Charles Darwin ne ya fi shahara da shi, tun daga littafin da ya wallafa a 1859. Mun san akwai muhawara mai tsawo game da abin da aka gina a kan wannan ilimi dangane da asalin ɗan Adam, kuma ba ita ta tara mu a nan ba. Tana da malamanta da zaurenta. Ɓangaren da muke buƙata yau ana ganinsa da ido cikin 'yan shekaru, a gona da garke da ɗakin kwana. Shi kansa Darwin da kiwo ya buɗe littafinsa, musamman kiwon tattabaru, abin da kowane mai ɗakin tattabaru a unguwanninmu zai gane nan take. Makiyayin da ya ware ragon da zai bari ya yi barbara, da manomin da ya tsame zangarniyar da ta fi kyau ya ajiye don iri, duk aiki ɗaya suke yi. Ta haka aka samu balami da uda da 'yankasa a cikin tumaki, aka samu jar akuyar Sakkwato da Maraɗi wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya.

Ginshiƙan abin uku ne. Na farko, 'ya'yan jinsi ɗaya ba su zama daidai wa daida. Akwai bambanci a tsakaninsu ko da ido bai gani ba. Na biyu, wani sashe na wannan bambanci ana gadonsa. Na uku, yanayi kamar rariya yake: wasu su wuce, wasu su maƙale, kuma waɗanda suka wuce su ne za su haifi na gaba. Idan aka maimaita wannan tankaɗe tsatso bayan tsatso, sai jinsin ya wayi gari da siffar da a da 'yan ƙalilan ne kawai ke da ita.

Mu ɗauki misali irin na allo. A ce akwai sauro 1,000 a unguwa, 10 daga cikinsu an halicce su da jikin da ke iya jure wani magani. Aka yi feshi, 990 suka mutu, kowa ya yi barci mai daɗi. To amma goman nan da suka rage su ne iyayen sauron gobe. Macen sauro takan zuba ƙwai 50 zuwa 200 a lokaci guda, kuma a yanayin zafi ƙwan kan zama cikakken sauro cikin kimanin kwana 10 zuwa mako 2. Kafin damina biyu ko uku, mafi yawan sauron unguwar jikokin goman nan ne. Babu sauron da ya koyi wata dabara. Maganin ne ya share masu rauni, ya bar wa masu juriya fili.

Wannan ba tatsuniya ba ce, domin a ƙasarmu ya faru, kuma yana rubuce a tarihin kimiyya. A 1939 aka gano cewa sinadarin DDT na kashe ƙwari, har wanda ya gano hakan, Paul Müller ɗan ƙasar Suwizalan, ya samu kyautar Nobel a 1948. Duniya ta ɗauka an gama da sauro. A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da zazzaɓin cizon sauro daga doron ƙasa. Mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara ba ta shiga shirin sosai ba, sai dai ayyukan gwaji a wasu wurare. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne yammacin lardin Sakkwato na wancan zamani, yankin Birnin Kebbi, inda aka fara feshin gidaje a 1954. Cikin ƙasa da shekara biyu aka tarar da sauro a yankin Ambursa wanda maganin diyaldirin, ɗaya daga cikin waɗanda ake fesawa, ba ya kashe shi. Irin wannan labari ya yi ta maimaituwa a ƙasashe da dama, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka jingine burin kawar da cutar a 1969.

Bayan haka sai aikin Garki, a jihar Jigawa ta yanzu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar daga 1969 zuwa 1976. An yi feshin ɗakuna da kyau, a wasu ƙauyuka an haɗa da raba magani ga jama'a baki ɗaya. Cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina aikin sai ta dawo. Daga cikin abin da masana suka fahimta a Garki akwai cewa sauron ba hali ɗaya gare shi ba: wani yakan ci ya kwanta a bangon ɗaki inda magani yake, wani kuwa yakan ci ya fice waje. Feshin bango na cin na farko, ya bar na biyu. Ashe juriya ba a jiki kaɗai take ba, har da ɗabi'a.

Ita ma ƙwayar cutar da sauron ke ɗauka ta bi wannan hanya. Manya a cikinmu sun tuna zamanin da kulorokwin ke sauke zazzaɓi cikin kwana biyu ko uku. A hankali ƙwayoyin da ke jure masa suka rinjayi sauran, har Najeriya ta sauya manufarta a 2005 ta koma ga magungunan da ake haɗa iri biyu a ƙwaya ɗaya. Hikimar haɗin ita ce, da wuya a samu ƙwayar cuta guda da ke jure duka biyun a lokaci ɗaya. A kan wannan hikima ce a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da sabon gidan sauro mai ɗauke da magani iri biyu, domin dangin maganin da aka daɗe ana sa wa gidan sauro ya fara rasa ƙarfi a wurare da yawa na Afirka.

A nan akwai abin da ya kamata masu tsara manufofi su tsaya su duba. Dangin maganin nan na gidan sauro shi ne kuma ake fesawa a gonakin auduga da lambunan kayan miya. Ruwan da ya wanke gona yakan taru a kududdufi, a nan kuma 'ya'yan sauro ke girma, suna shan ɗan kaɗan daga maganin tun suna tsutsa. Ke nan tankaɗen ya fara tun kafin sauron ya iso ɗakin kwana. Ma'aikatar gona na nata shiri, ma'aikatar lafiya na nata, ma'aikatar muhalli na nata, alhali sauron da suke hulɗa da shi ɗaya ne, kuma bai san iyakar ofis ba.

Mu juya ga gona. A 2016 wata tsutsa 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda manomanmu suka laƙaba wa suna sharon, ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashin tumatir ya yi tashin gwauron zabi a faɗin ƙasa. Tsutsar na ɓuya ne a cikin naman ganye inda feshi ba ya isa sosai, kuma tana iya yin tsatso 10 ko fiye a shekara. Manomin da ya ga magani bai ci ba yakan ƙara yawansa, ya kuma ƙara yawan feshi. Da haka yake tsananta rariyar, yana kuma kashe gizo-gizo da zanzaro da sauran ƙwarin da ke cin tsutsar kyauta, ga guba a ruwa da ƙasa da jikin mai feshi. Tun a 1962 wata masaniya Ba'amurkiya, Rachel Carson, ta ja hankalin duniya ga wannan tarko, amma har yau ana faɗawa cikinsa.

Ko sababbin dabaru ba su tsira daga wannan ƙa'ida ba. A ƙarshen 2019 aka amince da irin waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar, mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanson wake. Mutane sun sha bamban game da irin da aka sarrafa ƙwayoyin gadonsa, kuma kowa na da hujjarsa. Sai dai mai goyon baya da mai adawa duk ya kamata su san abu guda: idan aka shuka irin wannan iri shi kaɗai a ko'ina, tsutsar da ke jure masa ce za ta gaji gonakin. Shi ya sa a ƙasashen da suka daɗe da irin waɗannan amfanin gona ake sharɗanta barin wani yanki na iri na gargajiya a kusa, domin tsutsotsi marasa juriya su rayu su yi ta gauraya da masu juriya, siffar juriyar ta kasa rinjaye da wuri. Abin mamaki ne a ce manomi ya ciyar da wani sashe na abokin gabarsa da gangan, amma lissafin ya nuna hakan ne ke tsawaita ran makaminsa.

Kada mu ɗauka wannan ilimi labarin asara kawai yake bayarwa. Ƙarfin da ke ƙarfafa sauro shi ne kuma ke taimakon gero. Wasu masana sun kwatanta irin geron da aka tattara daga ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa daga ƙauyukan nan a 2003, wato bayan manyan fare-faren shekarun 1970 da 1980. Da aka shuka su gefe da gefe, sai aka ga na 2003 ya fi saurin fitar da kai. Manoman ba su watsar da irinsu na gado ba. Irin ne ya sauya a hannunsu, domin a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri, geron da ya riga ya nuna shi ne ya shiga rumbu, daga cikinsa kuma aka ɗebi irin baɗi. Hakan ya yiwu ne saboda akwai bambanci a cikin irin tun farko. Da a ce duk geron ƙasar iri ɗaya ne tak, kamar an buga shi a inji, da rariyar fari ba ta samu abin da za ta zaɓa ba.

Saboda haka gero da maiwa da dauro, kaura da farafara, da ire-iren wake da kakanninmu suka bari, dukiya ce ta ƙasa kamar ma'adinai. Da tsohuwar zuma ake magani. Ingantaccen iri na da amfaninsa, kuma muna maraba da shi, amma shirin tallafin da zai sa kowa ya zubar da irin gida ya rungumi guda ɗaya yana sayar da kariyar gobe ne don amfanin bana. Akwai rumbunan adana iri a Ibadan da Sadore kusa da Yamai, kuma aikinsu abin yabo ne. Sai dai irin da ke cikin firiji ya tsaya a shekarar da aka ajiye shi, na gona kuwa yana tafiya tare da yanayi.

Misali mafi ƙarfafa zuciya shi ne na itatuwa. Shekara da shekaru ana yaƙi da kwararowar hamada ta hanyar dashe: a reni tsiro a leda, a dasa ranar biki, a ɗauki hoto, rani ya zo, awaki da fari da gara su gama da mafi yawansu. A 1983, a jihar Maraɗi, wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan ƙananan kurmin da ake sassabewa a gona kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Dabarar da aka fito da ita, wadda manoman can suka kira sassabin zamani, mai sauƙi ce: a zaɓi reshe kaɗan masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare waɗanda aka bari. Manomi ya gani a gonar maƙwabcinsa ya kwaikwaya, gani kuwa ya kori ji. Da hukuma ta sassauta, manomi ya tabbata itacen da ya rena zai amfane shi, sai abin ya bazu. An ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar ta wannan hanya, musamman a Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kusan miliyan 200.

Me ya sa wannan ya yi nasara inda dashe ya sha wahala? Domin gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya sun riga sun bi ta rariyar wannan ƙasa shekaru aru-aru. Fari da wutar daji da haƙorin akuya duk sun tankaɗe su. Dubi gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci da inuwa, ga takin da yake ƙara wa ƙasa. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da farko layin dashe aka ɗauke shi, amma a hankali tunanin masu shi ya karkata ga irin wannan farfaɗowa. Jihohinmu 11 na arewa da ke cikin shirin suna da abin koyi a tsallaken iyaka, wurin mutanen da harshenmu ɗaya da su.

Daga waɗannan misalai muna iya fitar da abin da ya kamata mu nema daga masu mulki, tun daga ƙaramar hukuma har tarayya. Duk shirin feshi ko rabon gidan sauro ya zo da tsarin auna ko maganin na ci har yanzu, a kuma riƙa sauya dangin magani kafin ya mutu a hannunmu. Ma'aikatun gona da lafiya da muhalli su zauna a tebur ɗaya kan magungunan ƙwari. A dawo da malaman gona cikin ƙauyuka, domin a yau mai shagon magani ne ke ba manomi shawara, shi kuwa ciniki yake nema. A tallafa wa adana irin gida tare da yaɗa ingantacce. A auna shirin itatuwa da yawan waɗanda suka rayu bayan shekara 3 ko 5, maimakon yawan waɗanda aka dasa ranar biki. Sannan ita kanta manufa a bi da ita yadda manomi ke bi da iri: a gwada hanyoyi daban-daban a wurare kaɗan, a duba sakamako da gaskiya, a riƙe mai kyau, a saki marar amfani ba tare da jin kunya ba. Rahoton Brundtland na 1987 ya bayyana ci gaba mai ɗorewa da cewa shi ne biyan buƙatun yau ba tare da tauye na masu zuwa ba. Maganin da ke ci da irin da ke jure fari suna cikin abin da za mu iya cinyewa mu bar 'ya'yanmu hannu rabbana.

To mu malamai fa, ina namu rabon aikin? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Darasin kimiyya na firamare na iya ɗaukar wannan tunani ba tare da sayen komai ba. A watsa farin wake da jan wake adadi ɗaya a kan jar ƙasa, a ba yara daƙiƙa 30 su tsince kamar kaji, a ƙirga abin da ya rage, a ninka shi biyu a matsayin 'ya'ya, a sake watsawa. Kafin zagaye na huɗu yaran da kansu za su faɗa mana dalilin da ya sa launi ɗaya ya rinjaya, ga kuma lissafi sun yi ba su sani ba. A lambun makaranta a sa kowane yaro ya kawo irin gidansu tare da sunansa da abin da kakarsa ta ce game da shi, a shuka layi-layi, a rubuta ranar tsiro da ranar fitar kai. A zagaya filin makaranta a nemo kututture masu toho, kowane aji ya ɗauki nauyin guda. A taron iyaye da malamai kuma mu riƙa tunatarwa cewa maganin zazzaɓi ana shanye shi ne har ƙarshe ko da jiki ya yi sauƙi, a yi gwaji kafin sha, kuma fiya-fiya da makamantansa ba abin zubawa a hatsi ko ajiyewa kusa da yara ba ne.

Muna kuma ba shugabannin reshe shawara su sa wannan batu cikin abin da za su kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma: bita ga malaman kimiyya da na aikin gona, shinge da ruwa ga lambunan makarantu, da gayyatar malaman gona da jami'an lafiya su riƙa shigowa azuzuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaran da ke zaune a gabanmu yau, wasu a kan benci wasu a kan tabarma, cikinsu akwai kansiloli da daraktoci da kwamishinonin shekara 30 masu zuwa. Idan suka tashi da sanin cewa duk abin da aka matsa wa a cikin halittu yakan sauya, za su tambayi kowane shiri da aka kawo musu: wa wannan zai kashe, wa zai bari, kuma me zai faru idan waɗanda aka bari suka hayayyafa?

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba yaranmu lafiya, Ya sa mu bar ƙasar nan fiye da yadda muka same ta.